Tankin murjani a Kano: zai yiwu da wannan zafi da ɗaukewar wuta?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Na daɗe ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi. Yanzu wani abokin aikina da aka yi wa canjin gari ya sayar mini da tankinsa na ruwan gishiri, lita 200, da fitila da famfo biyu da na'urar kumfa mai tsamo datti daga ruwa da busassun duwatsu. Na haɗa ruwa ranar Juma'a, ya kwanta garai-garai. Mai kawo kaya daga Legas ya ce mako mai zuwa zai turo mini kifi shida da murjani huɗu, har da kifin nan shuɗin tang da yarana suka nace a kai. A Kano nake. Me ya kamata in tanada kafin su iso?

Maman Ikram (Jidda):
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah ka kira mutumin nan yau ka ce ya dakata. Ruwa ya yi haske ba shi ne ya nuna ya shirya karɓar kifi ba. Kifi yana fitar da ammoniya ta kashinsa da numfashinsa, ita kuma guba ce ko kaɗan ce. A cikin tanki babu mai kawar da ita sai bakteriya da ke zama a jikin duwatsu da yashi: wasu su mayar da ammoniya naitirait, wasu su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda shi ne mai sauƙin illa. Duwatsunka busassu ne, ke nan babu ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Sai ka zuba ɗan abincin kifi ko ammoniya ta kwalba ka bar su su hayayyafa, kana awo duk bayan kwana biyu ko uku. Yawanci mako huɗu zuwa shida ake yi. Ranar da ka ga ammoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ya bayyana, to ranar za a fara zancen kifi. Kuma biyu, ba shida ba.

Abban Khalifa:
Hajiya, mutumin ya ce akwai wani ruwan kwalba da ake zubawa, a sa kifi a ranar.

Maman Ikram (Jidda):
Akwai shi, bakteriya ne masu rai a kwalba, kuma yana rage kwanaki idan bai mutu a hanya ba. Amma ka tuna a wace mota zai zo Kano, kuma awa nawa zai yi a rana. Ka zuba idan ka samu, sai dai awo ne zai gaya maka gaskiya, ba rubutun jikin kwalba ba.

Injiniya Sola:
Ni ban ma kai ga kifi ba. Yallaɓai, tambaya biyu. Idan aka ɗauke wuta ƙarfe ɗayan dare kana barci, me zai ci gaba da juya ruwan? Sannan ɗakin da tankin yake, digiri nawa yake kaiwa da azahar a watan Afrilu?

Abban Khalifa:
Akwai janareta, amma ba ma kwana da shi a kunne. Inbata ƙarama ce, fanka da fitilu take ɗauka. Falon kuwa da bazara ba ya zaunuwa sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki.

Injiniya Sola:
To nan aikin yake, kuma shi za ka fara kashe wa kuɗi. Murjani zai iya kwana biyu ko uku ba fitila bai mutu ba. Abin da ke kisa da wuri shi ne tsayawar ruwa. Ruwan gishiri bai riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi, kuma duk yadda ya ƙara ɗumi sai ya ƙara sakinta. Kifi na shaƙa, murjani na shaƙa, bakteriyan da Hajiya ta ambata su ma suna shaƙa. Tanki mai cunkoso a daren zafi, awanni kaɗan sun isa ka tarar da kifi a saman ruwa suna haki.

Abin daɗin shi ne wannan ɓangaren ba shi da tsada. Famfon da ke kaɗa ruwa, irin mai aiki da wutar batir, wat 15 ko ƙasa da haka yake ci. Batir mai volt 12 da amfiya 100, ko rabinsa kawai ka yi amfani da shi don kada ya lalace, zai riƙe wannan famfo kusan awa 40. Ka ware masa batirinsa shi kaɗai, kada a haɗa shi da cajin waya da talabijin. Ka juya bakin famfon sama yadda fuskar ruwan za ta riƙa motsi, ta nan iska ke shiga. Duk wanda yake arewa a Oktoban 2024 ya san kwana nawa aka yi a duhu. Da irin wannan za ka yi lissafi, ba da ɗaukewar awa biyu ba.

Zafi shi ne mai tsadar. Ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 25 da 26, kada ya wuce 27 da yawa. Kano kuwa tana haura 40 a Afrilu. Fanka da ke busa saman ruwa tana sauke digiri biyu ko uku, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu kafin ruwan sama ya sauka. Da damina ta kawo laima sai ƙarfinta ya ragu. Idan ɗaki ya kai 35, fanka ba za ta cece ka ba. Sai injin sanyaya ruwa, wanda ga tanki irin naka zai ci wat wajen 200 lokacin da yake aiki, kuma zafin da ya cire daga ruwa cikin ɗakin yake zubar da shi.

Baba Dattijo:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ku yi haƙuri da ni, amma ban ga dalilin wannan abu ba. Halittar da Allah ya ajiye a tekun Indonesiya, a kamo ta, a ɗaure a leda, a yi ta jirgi da mota har Kano inda ko kogi mai gishiri babu, don kawai a kalla. Ba maganar kuɗin nake ba, kowa da abin da yake so. Maganar rai nake. Duk mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya tsare rai a gilashi, wuta ta ɗauke ya mutu da ƙishirwar iska, wa za a tambaya?

Likitan Dabbobi (Zariya):
Baba, maganarka tana kan hanya, kuma akwai abin da ya fi haka muni da ya kamata Abban Khalifa ya sani. A wasu sassan Filifin da Indonesiya an daɗe ana fama da masu kama kifin ado da gubar sayanaid. Su fesa a ramin murjani, kifin ya suma su ɗauka. Murjanin wurin ya mutu, kifin kuma sau da yawa ya iso hannun mai saye da kyan gani, ya yi 'yan makonni ya mutu ba a san dalili ba. An haramta, amma ba a daina gaba ɗaya ba. Akwai kuma ɗan kifin nan mai ratsin baƙi da fari na tsibiran Banggai, wanda asalinsa nan kaɗai ne a duniya. Kamun da aka yi masa don tankuna ya sa a 2007 aka saka shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Inda na bambanta da Baba shi ne akwai hanyar da ba sai an taɓa teku ba. Kifin nan ruwan lemo mai farin ratsi, ocellaris, yanzu a gonakin kifi ake ƙyanƙyasar mafi yawansa, ya saba da abincin gwangwani, ya fi na teku juriya. Shi ma na Banggai ana samun na kiwo. Murjani kuwa yankarsa ake yi a dasa, ɗan reshe ya zama uwa, mai tanki ya ba mai tanki. Don haka tambayar farko ga mai kawo kaya ita ce: na kiwo ne ko na kamu? Idan murjani mai ƙashin dutse ne, yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar da ke kula da cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da takarda. Wanda ya kasa ba ka amsa a kan waɗannan, ka riƙe kuɗinka.

Baba Dattijo:
Na ji wannan, likita, kuma ya rage mini wani abu. Amma na kiwon ma rai ne. Sharaɗina yana nan: in ba zai iya ba shi haƙƙinsa ba, kada ya kawo shi.

Likitan Dabbobi (Zariya):
A kan wannan babu saɓani tsakaninmu, Baba. Shi ya sa ma zan ce a cire shuɗin tang daga lissafi. Yana kaiwa kusan santimita 30, kifi ne mai yawo, tankin da bai kai tsawon ƙafa shida ba kurkuku ne a wurinsa. Kuma a cikin kifayen ado yana cikin masu saurin kamuwa da cutar farin ɗigo. A yi wa yara bayani, za su gane.

Sadiq 09:
Ni tambayata, murjanin nan tsiro ne ko dutse? Kuma shi ne wanda iyayenmu mata ke sawa a wuya?

Maman Ikram (Jidda):
Dabba ce, ƙanena. Ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu kewaye da shi, suna zaune jingim a wuri ɗaya, wasunsu suna gina ƙashin dutse a ƙarƙashinsu. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke karɓar haske ta yi abinci ta ba su kaso mafi yawa. Dalilin fitila mai ƙarfi ke nan. Idan zafi ya yi yawa sai murjanin ya kori gansakukar, launinsa ya tafi, ka ga farin ƙashi ta cikin nama. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta fara. Jan murjanin ado dangi ne, daga Bahar Rum aka fi samo shi, yana zama a wuri mai duhu kuma ba ya dogara da haske. Ba shi ake sawa a tanki ba.

Ɗan Bur Sudan:
Salamu alaikum. Ina da ja a kan maganar Injiniya ta digiri 26. Ni a bakin Bahar Maliya na tashi. Da rani ruwan gaɓarmu yana haura 30, gishirinsa ma ya fi na sauran tekuna, yana kaiwa wajen 40 cikin dubu. Amma je ka Sanganeb ka gani, wurin da UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2016, murjani ne iya ganinka. To in suna rayuwa a can, me zai sa a ce sai an sayi injin sanyaya ruwa a Kano?

Injiniya Sola:
Tambaya ce mai kyau, ɗan'uwa. Na farko, na wurinku sun yi dubban shekaru suna sabawa da wannan ruwan. Abin da ke kasuwa yawanci asalinsa Indonesiya ne ko Ostareliya. Na biyu, teku ba ya tashi daga 26 da asuba ya kai 32 da la'asar ya dawo da dare. Lita 200 a falo kuwa haka take yi kullum. Hawa da saukar nan ta fi lambar kanta illa. Na uku, igiyar ruwa ba ta tsayawa, iska ba ta yankewa a teku.

Likitan Dabbobi (Zariya):
Kuma tekun ma bai tsira ba. A Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da teku da yanayi, ta sanar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu na farin murjani gaba ɗaya, bayan na 1998 da 2010 da wanda ya faro a 2014. Digiri ɗaya kacal sama da zafin da suka saba da shi a lokacin rani, idan ya ɗauki makonni, ya isa.

Ɗan Bur Sudan:
Haka ne, a kudancin tekunmu ma an ga wuraren da suka yi fari. Na karɓi maganar hawa da sauka. Amma ina nan a kan cewa wanda ya iya riƙe 27 daram ya fi wanda ke bin 25 yana kuɓuce masa.

Injiniya Sola:
Wannan kam na sa hannu.

Abban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Na kira Legas na ce a dakata. Yanzu ga wani abu: ruwan da na haɗa na rijiyar burtsatse ne na gidanmu, da gishirin da mai tankin ya bar mini. Na lura tun Juma'a ruwan ya ragu kamar yatsa biyu. In haɗa wani ruwan gishirin in cika?

Maman Ikram (Jidda):
A'a! Nan mutane da yawa ke faɗawa. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan bai je ko'ina ba. Kamar miya ce a kan wuta, tana ƙonewa gishirinta na ƙara fitowa, ba ka ƙara mata wani gishirin. Da ruwa zalla ake cikawa. Yi lissafi: ana son gishiri 35 cikin dubu, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni. Idan tankinka yana rasa lita 4 a rana, wanda da fanka da iskar hunturu abu ne mai sauƙi, kwana biyar ka rasa lita 20, gishirin ya tashi daga 35 ya kusa 39. Ka sa alama a jikin gilashi ka riƙa cikawa kullum, ko ka sayi ɗan famfon da ke cikawa da kansa. Ruwan gishiri sabo sai lokacin canjin ruwa, ka ɗebe kashi goma cikin ɗari duk mako ko mako biyu ka mayar da irinsa, mai gishiri ɗaya da ɗumi ɗaya.

Ruwan burtsatse kuma ban yarda da shi ba. Yana iya zama lafiyayye a sha, amma ya ɗauko naitiret da fosfet da silika da ƙarafa. Tunda kullum kana ƙarawa kuma ruwa kaɗai ke tashi, taruwa suke yi. Ka nemi matatar RO mai haɗe da DI, wadda ke cire duk abin da ya narke a ruwa, da ɗan ma'aunin TDS mai auna abin da ya rage a ciki, ruwan da ke fita ya nuna sifili. Tunda ba kifi a ciki, yanzu ne lokacin da zubar da wannan ruwan ba zai yi maka ciwo ba.

Sadiq 09:
Ruwan leda fa? Ko gishirin girki, tunda na kanti da tsada?

Likitan Dabbobi (Zariya):
Ruwan leda kowane kamfani da nasa, sai ka auna. Gishirin girki kuwa sam. Ruwan teku ba gishiri kaɗai ba ne, akwai magnesiyam da kalsiyam da fotasiyam da sauransu, kowanne da gwargwadonsa. Murjani mai ƙashi yana jan kalsiyam da kabonet daga ruwa yana gini da su. Ana riƙe kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, magnesiyam wajen 1300, alkaliniti kuma, wato yawan kabonet ɗin, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH. Kuma kafin wani ya tambaya, kanwa ba ta shiga tanki. Gaskiya ne akwai kabonet a cikinta, amma da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san adadinsu ba. Gara bekin soda zalla, ba bekin hoda ba, ita ma da awo, kaɗan-kaɗan. Kowace lita tana cin gishirin tanki giram 35 zuwa 40, ke nan cikon farko kilo bakwai ne ko takwas. Ka tabbata kana da inda za ka riƙa samunsa kafin ka fara.

Ummu Hanif (Abuja):
Bari in ƙara abin da littattafan waje ba za su gaya muku ba, don su ba gidajenmu suka sani ba. Maganin sauro. Na fesawa, da fiya-fiya, da na kunnawa. Na'urar kumfa iskar ɗaki take zuƙa tana cusawa cikin ruwa, duk abin da ke cikin iskar ya shiga. Jatan lande da kaguwa su ne farkon mutuwa, don maganin ƙwari yana kama su kamar yadda yake kama sauro. Wata ƙawata ta rasa duk abin da ke tankinta a dare ɗaya saboda an yi feshi a falo ba ta gida. Duk wanda ke gidan sai ya sani, har mai aiki da baƙi. Turaren wuta ma ni ba na sawa a ɗakin da tanki yake, kuma hayaƙin janareta kada ya sami hanyar taga. Hannu mai man shafawa ko sabulu kada ya shiga ruwa.

Sannan idan ka zo sayen murjani, za a nuna maka zoa da paly, masu kama da ƙananan furanni, a ce suna da sauƙi. Suna da sauƙin, amma wasunsu suna ɗauke da guba mai tsanani, palitoksin. Safar hannu da tabarau idan za ka taɓa, kuma kada a taɓa tafasa dutsen tanki ko a zuba masa ruwan zafi, tururin ya sha kai iyali guda asibiti a ƙasashen waje. Gida mai ƙananan yara, ni shawarata a bar su. A fara da murjani mai laushi irin na lema da na fata, Discosoma da Sarcophyton. Suna yafe kuskure. Mai ƙashin dutse irin Acropora sai tanki ya shekara kuma hannunka ya zauna.

Abban Khalifa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, wannan na feshin ban taɓa kawo shi a raina ba, kuma kusan kullum ana yi. Likita, ka ambaci farin ɗigo. Ina da ragowar maganinsa na kifin ruwan daɗi. Zai yi?

Likitan Dabbobi (Zariya):
Kada ka kusantar da shi. Cutar ta ruwan gishiri daban ce, Cryptocaryon ake ce mata, kuma magungunan da ke kashe ta da gaske yawanci akwai jan ƙarfe a ciki. Jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma yana shiga cikin duwatsu ya daɗe yana fitowa. Shi ya sa ake ajiye ƙaramin tanki daban, lita 40 ta isa, babu yashi babu dutse, sai 'yan guntayen bututun roba na ɓuya. Duk sabon kifi ya yi wata guda a nan ana kallonsa. In ciwo ya fito, a nan za a yi magani. In ka bari ya shiga babban tanki, sai ka kwashe kifin duka ka bar shi babu kifi sama da mako goma kafin ƙwayar ta mutu da yunwa.

Abban Khalifa:
To ga abin da na tsayar. Zan zubar da ruwan in sake da na matata. Batir da famfo wannan makon. Zan sa ma'aunin zafi in riƙa rubutawa safe da la'asar, tankin yana aiki babu komai a ciki, har bazara ta wuce. In na ga zan iya riƙe shi ƙasa da 28, sai in kawo ocellaris biyu na kiwo. In ban iya ba, Baba, na mayar da shi na ruwan daɗi.

Baba Dattijo:
Madalla. Allah ya yi maka albarka.

Maman Ikram (Jidda):
Ka sa ran nan da 'yan makonni duwatsun da yashin za su yi ruwan ƙasa, daga baya kore ya biyo. Kowane sabon tanki yana yin haka, kada ka zuba magani. In ka tashi sayen ocellaris ɗin, ka ɗauki ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Babban zai zama mace, ƙaramin ya zauna namiji, faɗa ya yi sauƙi. Kuma ba sa bukatar anemoni, halittar nan mai yatsu da suke fakewa a cikinta a teku, kada a sayar maka.

Injiniya Sola:
Ka turo mini wat ɗin da ke rubuce a jikin famfunan biyu da fitilar ta akwatin saƙo, in lissafa maka girman batir da faifan sola. Ka duba teburin da ka ɗora tankin ma, da ruwa da duwatsu da gilashi ya doshi kilo 300.